Na Raka Ummi Kumasi da Guntun Jan Ƙarfenta

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin Sabo mai shayi sai wani ya matso: "Malam Iro, wai da gaske ka ga teku?" Kafin in amsa wani ya jefo tasa. Na ba da labarin nan har muryata ta dishe, kuma kullum sai in ji shi a bakin wani ya ƙara tsawo. Ranar kasuwar Minjibir ma na ji ana cewa wai an ɗaure ni a boda. To, ba a ɗaure ni ba. Ga yadda aka yi na rubuta da hannuna, wanda bai iya boko ba ya nemi mai karanta masa.

Ummi ce 'yata ta fari. Sunan mahaifiyata na sa mata, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sunanta na yanka. Tana karatu a wata makarantar fasaha a Kano, inda kwamfutocinsu ke mutuwa da zarar bazara ta kama. Ta ce min ƙwaƙwalwar kwamfuta wata 'yar aba ce da ba ta kai faɗin akwatin ashana ba, amma in tana aiki mai nauyi sai ta ɗau zafi, kwamfutar ta kashe kanta. Shi ne yarinyar nan ta shekara tana ƙera maganin abin: wani guntun jan ƙarfe da ake ɗaurewa a kan ƙwaƙwalwar. A cikinsa an yanka siraran hanyoyi jere kamar kunyoyin gona, sai ka kanne ido kafin ka gan su. A samansu akwai ɗan faifan ƙarfe mai tsaga guda a tsakiya. Ƙaramin famfo yana tura ruwa ta tiyo, ruwan ya matsu ta cikin tsagar, ya feso a tsakiyar kunyoyin, ya rabu hagu da dama, ya kwashi zafin ya kai shi wani ɗan lagireto, fanka ta huce shi, ya sake dawowa.

Duk rigimar a kan tsagar nan take. In ta yi faɗi ruwa ya shiga a kasalance, in ta matse da yawa famfon ya gaza, ga shi famfon Ummi na sola ne, ba shi da wani ƙarfi. Ni da na tsufa ina ba tumatir ruwa a bakin dam, wannan kam na gane shi, don na san abin da ke faruwa in ka danne bakin tiyo da babban yatsa. Sauran bayanin nata kai kawai nake gyaɗawa.

Ana nan sai wata jami'a a Kumasi ta ƙasar Gana ta kira ɗaliban da suka ƙera irin wannan abu daga ƙasashe daban-daban. Za a gwada na kowa sau ɗaya tak a gaban malamai, waɗanda nasu ya yi kyau a ba su gurbin koyon aiki na shekara guda. Wanda nasa ya gaza kuwa sai ya naɗe kayansa. Ummi ta sa ranta a kan gurbin nan ba kaɗan ba, yatsunta duk sun yi kanta saboda riƙon magagari. Aka ce ba za ta tafi ita kaɗai ba, aka duba aka ga babu wanda ya fi ni rashin aikin yi tunda an gama kwashe albasa.

Ranar tafiya Inna, wato mahaifiyata, ta aika wa liman aka yi wa takwararta rubutun sha. Ta tsaya a kanta har ta sha, ta shafa mata kaɗan a fuska. Sannan ta kore mu tsakar gida mu yi sallama da jama'a, ita kuma ta shige ɗaki tana ƙara ɗaure mana kaya: dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, da akwatin injin Ummi, da wata baƙar jarka ta tataccen ruwa irin wanda ake zuba wa batirin sola. Ummi ta ce injin ba ya shan kowane ruwa sai wannan, kuma ba ta da tabbacin za ta samu a can.

Daga Minjibir muka shiga Kano, daga Kano muka hau doguwar bas ta Legas. Kusa da ni wani Inyamuri ne mai sayar da kayan gyaran babur, Hausa a bakinsa kamar an haife shi a Fagge. Tun kafin Zariya ya gama sanin tarihina, kafin Kaduna kuwa ya gama da rabin dambun namana. Amma mutumin kirki ne, don a Lokoja shi ya saya mana soyayyen kifi, ya kuma tsaya wa direba a wuya sai da ya jira muka yi sallah. Abin da ban yafe ba shi ne sanyin motar. An kunna na'urar sanyi kamar gawa aka ɗauko, na naɗe kaina da rawani ina karkarwa, na ce wa Ummi ga masu sanyaya abu nan, me ya kai mu har Gana.

A Legas muka sauka Agege wurin Ɗanlami, ɗan ƙanwar matata, mai sayar da karas. Ɗakinsa in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Ummi ta kwana wurin matar maƙwabcinsa, ni da shi muka raba tabarma da buhunan karas.

Yanzu ga maganar boda da kuke ta ƙara wa gishiri. A Seme, bakin ƙasar Benin, an duba fasfo da katin rigakafi lafiya lau, sai wani jami'i ya ce a buɗe akwati. Ya ga jan ƙarfe, ya ga tiyo a nannaɗe, ya ga tsohon fulas ɗin shayi da Ummi ta mayar tankin ruwa, ga kuma baƙar jarka. Ya dube ni tun daga rawani har takalmi, ya fashe da dariya, ya kira abokansa. Wata mata mai sayar da goro da ke jin Faransanci ta ce min, "Baba, cewa yake wannan kayan dafa giya ne."

Innalillahi! Ni Iro, da gemuna da carbina! Ummi ta yi bayani da Turanci har da zane a tafin hannu, ba su gane ba. Raina ya ɓaci, na fizge jarkar na kwance murfin na kafa kai na yi kurɓa biyu a gabansu, na hura wa jami'in iska a fuska. Ya shinshina, ya ƙara tuntsirewa da dariya, ya sara min irin na soja, ya ce mu wuce. Ruwan dai na ji yana da wani ɗanɗano da na sani, amma fushi bai bar ni na tsaya tunani ba. Ummi kuwa har muka shiga Kwatano tana mitar na sha mata ruwan inji.

Kwatano garin babura ne, 'yan acaɓansu duk da riguna ruwan ɗorawa, mata ma suna tuƙa nasu da kaya a ka. A Lome na ga tekun da kuke tambaya. Ruwa ne iya ganinka, yana ta tasowa yana komawa ba wanda ya sa shi. Na tambayi direba ko ana noman rani a bakinsa, ya ce gishiri ne zalla. Raina ya sosu, wallahi, ruwa mai yawa haka ba ya shayar da ko fangali ɗaya na latas. Daga nan muka tsallaka Gana, muka bi ta Akra, muka miƙa Kumasi cikin daji kore shar, ruwan sama na zuba a lokacin da mu a gida ko hadari ba mu fara gani ba.

Masaukinmu a Zango ne, unguwar Hausawa, gidan Alhaji Mamman, dattijo mai fataucin goro wanda liman ɗinmu ya haɗa mu da shi ta waya. Kakansa daga wajen Kunci ya zo, shi kuwa bai taɓa taka ƙasar Kano ba, amma ya rungume ni yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar jiya ya baro su. Da safe aka kawo koko da ƙosai, na ce alhamdulillahi na iso gida. Da rana aka kawo shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi, aka ɗora mata taliya da dafaffen ƙwai da garin rogo da wani baƙin yaji, duk a ganye guda. Na ce wannan abincin kwana uku ne aka haɗa wuri ɗaya, amma ban bar ko loma ba. Dokunu ne dai, wato tuwonsu na masara, muka kasa shiryawa da shi, tsaminsa ya fi ƙarfina.

A nan kuma na tafka abin kunya. Muna tafiya da Alhaji muka tarar an kafa rumfuna, ana kiɗa, jama'a sun yi ankon baƙi da ja suna rawa, ana raba lemo. Na ga wani dattijo a zaune a gaba ana ta gaishe shi, ni ma na matsa na kama hannunsa da fara'a na ce, "Allah ya sanya alheri, Allah ya ba da zaman lafiya!" Alhaji ya janye ni da sauri. "Malam, matarsa ce ta rasu, jana'iza ake." Na ce to mu da muke binne mamaci kafin rana ta faɗi mu zauna shiru a tabarma, ina zan sani? Allah ya taimake ni mutumin ba ya jin Hausa.

Ana gobe gwaji aka ba kowane ɗalibi dama ya haɗa kayansa a ɗakin aiki na jami'ar ya ga lafiyarsu. Mai kula da ɗakin wata mata ce Kirista, Madam Akosuwa, kakkaura mai yawan dariya. Alhaji ya biyo mu don ya riƙa fassara min. Ummi ta ɗaura jan ƙarfen, ta kafa bakin jarka a fulas ta cika shi, ta kunna. A fuskar kwamfutar akwai wani layi da ke nuna zafi, a sama kuma an ja jan layi, wanda nasa ya taɓa shi ya faɗi. Da farko layin Ummi ya tsaya ƙasa, har ta waiwayo ta yi min murmushi. Can sai ya fara hawa. Famfon ya sauya kuka, layin ya ci gaba da hawa har ya taɓa ja, kwamfutar ta ɗauke ɗif.

Ban taɓa ganin fuskar 'yata haka ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai hau kwance kusoshin. Da ta buɗe jan ƙarfen sai ga wani baƙin abu mai danƙo ya toshe tsagar, ya kwanta a cikin kunyoyin. Madam Akosuwa ta ce ita ba ta taɓa ganin irin wannan dattin ba. Na sa yatsa na dangwala, na murza, na shinshina. Nan take ɗanɗanon boda ya dawo min. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ƙamshin tawadar gawayi da ƙaro.

Na ciro waya na kira gida, aka kai wa Inna.

"Inna, barka da yamma. Ranar da za mu taho, ko kin taɓa baƙar jarkar nan?"

"Na taɓa mana," in ji ta, ko gezau. "Ragowar rubutun na juye a ciki. Ita ta sha, shi da zai yi aikin a gaban mutane sai ya tafi haka nan ba tsari? Ya sha dai ko?"

"Ya sha, Inna."

"To madalla. Ka ce da takwara ta kwantar da hankalinta."

Ummi ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce ta haɗu da hawaye. Alhaji ya fassara wa Madam Akosuwa, ita ma ta dafe ƙirji tana cewa kakarta da za ta aikata fiye da haka.

Madam ta ce abin ba wuya, a kai jan ƙarfen bakin famfo a wanke. Na ce a'a. Ayoyin Allah ne a cikin ruwan nan, ba za su bi kwata ba ina tsaye. Ummi ta dube ni ta dubi agogon bango, don an kusa rufe ɗakin, amma ba ta yi min musu ba. Da Alhaji ya yi wa Madam bayani, sai matar nan ta fita, ta dawo da sabon kwano ko takardar jikinsa ba a ɓare ba, da ruwan ɗumi, da sabon burushin haƙori. Wannan karamci nata ba zan manta da shi ba.

Ummi ta ɗauki burushin za ta fara, sai ta tsaya. Ta kai jan ƙarfen bakin taga tana juya shi.

"Baba, zo ka gani. Tsakiya fes take, baƙin duk a kusurwoyi ya taru."

"To sai me?"

"Inda ruwa ke gudu da ƙarfi tawada ba ta zauna ba. Inda ta kwanta, nan ne ruwan ke yin sanyin jiki. Shekara guda ina son in ga yadda yake bi a ciki, ƙarfe ya hana ni. Tsagar ta yi gajarta, ba ta kai wa kunyoyin gefe."

Ta ɗauki hotonsa a waya, ta wanke shi tas a cikin kwanon, sannan ta ciro ɗan siririn magagarinta. Faifan guda ɗaya ne, in ta zarce ba gyara, kuma babu sauran lokacin gwadawa kafin gobe. Na ce, "Ummi, ni dai ban taɓa sauya hanyar ruwa ranar da mai sayen tumatir zai zo ba. A gida yana aiki, ki bar shi yadda yake."

Ta ce, "Yana aiki, Baba, amma na ga na sauran. In na bar shi haka ba zai faɗi ba, ba zai kuma ci ba. Ka yi min addu'a kawai."

Na ciro carbina na fara addu'a. Ta ƙara wa tsagar tsawo ta kowane gefe, siriri, ba ta taɓa faɗin tsakiyar ba, tana gogawa tana hurewa tana ɗagawa ga haske. Madam Akosuwa ta tsaya da makullai a hannu ba ta ce mata ta yi sauri ba, ta kuma ba ta tataccen ruwa sabo. Ruwan kwanon da wanda aka zuke daga injin muka ɗauka har Zango, muka zuba a gindin mangwaron da ke harabar masallaci. Na cikin jarka kuwa Alhaji ya ce ai wannan na sha ne, aka kawo kofuna.

Washegari zauren ya cika. Na wasu ɗaliban sai ka rantse daga kanti aka sayo, akwai wani mai fitilu kala-kala da koren ruwa a cikin tiyo na gilashi. Da aka ɗora na Ummi da tsohon fulas ɗinsa na ji ana 'yan dariya ƙasa-ƙasa. Ina can baya da carbi. Aka ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi, layin ya tashi. Ya hau, ya hau, sai ya fara rage gudu, can ya kwanta ya miƙe, da tazara mai kyau tsakaninsa da ja. Aka jira, aka ƙara jira, bai motsa ba. Wani malami mai furfura ya taso ya ɗora yatsa a kan ɗan famfon, ya leƙa ƙarƙashin tebur ko akwai wani babba a ɓoye. Ya yi wa Ummi tambayoyi, ta nuna masa hoton tawadar a waya, na ga ya cire tabarau yana dariya yana kiran 'yan uwansa su gani.

Da aka zo kiran waɗanda suka samu gurbi, ni ba Turanci nake ji ba. Amma na ji sunan mahaifiyata ya fito daga bakin mutumin, a karkace, sai da ya maimaita. Ban san lokacin da na miƙe na yi kabbara ba. Madam Akosuwa ta ciro farin hankici tana kaɗawa tana rawa, Alhaji Mamman yana ta faɗa wa na kusa da shi cewa jikarsa ce. Daɗin da na ji a ranar ban ji irinsa ba tun ranar sunan yarinyar.

Dawowa ba wani labari, sai dai a boda na riƙe akwatin a cinyata, ba wanda ya tambaye mu. Mun iso gida da la'asar, mata na guɗa, yara sun kewaye mu. Inna na zaune a kan tabarmarta a gindin darbejiya, ta sa aka ba ta labari tun daga farko, aka nuna mata hoton. Ta ce ita dama ta sani, mu ne 'yan boko ba mu da tawakkali.

Sannan ta ce, "To yanzu me za su ba ta?"

Na ce gurbin koyon aiki ne, bayan sallah za ta koma can ta yi shekara guda.

Inna ta dubi takwararta. Ta jawo hannun Ummi ta ɗora a cinyarta tana shafa yatsun nan masu kanta. Can ta goge ido da gefen zane.

"Shekara guda," ta ce. "Da na san haka zai kai ki nesa, takwara, da rabi na zuba."